Kujera ta Biyu

Litinin, da hantsi

Na shigo ofis na zauna, ban waiwaya ba.

Teburina taga yake kallo, na abokiyar aikina bango, kujerunmu sun ba juna baya. Haka muka jera su tun ranar da jami'a ta ba mu ɗakin nan, shekara kusan talatin ke nan. Ita ta ce a yi haka, wai in tana ganin fuskata ba ta iya tunani, don ko na yi shiru girata magana take yi. Ni ke bugawa a kwamfuta. In ɗauko jimla da ƙarfi, in kai ta tsakiya in tsaya, ita ta ƙarasa daga bayana. Duk maƙalar da ta fita da sunayenmu haka aka yi ta, kai nawa, wutsiya tata. 'Yan sashe Jan Biro suke ce mata, saboda rubutun duk wanda ya ratsa hannunta sai ya fito jina-jina. Ita kuma ta laƙaba min Gaggawa, sunan ya zauna daram.

Mai shara ta wanke kofin shayinta ta kife a kan tebur. Wa ya aike ta?

Tun makon jiya tana asibiti. Ban je ba tukuna. Aiki ya yi min yawa.

Litinin, bayan la'asar

Shugaban sashe ya shigo da takardu, baki har kunne, sai da ya hango kujerar da ke bayana ya tuna ya gyara fuska. Maganar laccar karramawa ce, wadda jami'a ta shirya mana mu biyu a ƙarshen wata. Ya ce an riga an raba katin gayyata, baƙi na ƙasashen waje sun yanki tikiti, ba halin ɗagawa.

Ya tsaya a kaina yana karanta min tasirin aikinmu kamar ba da ni aka yi ba. An ambace mu sau dubbai a mujallu. An fassara mu zuwa harsunan da ko gaisuwa ban iya da su ba. Asibitoci a ƙasashen da ban taɓa takawa ba sun canza tsarin ɗakin gwaji saboda mu.

Abin da muka gano ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne, mu dai mun zauna mun auna. Mutum biyu in sun daɗe tare, raba ajiya suke yi a ƙwaƙwalwa ba tare da sun yi shawara ba. Wannan ya riƙe sunaye, wancan ya riƙe hanya. Ka gwada tsoho shi kaɗai, ka ce ya fara ruɗewa. Ka zaunar da matarsa a gefe, ta ɗauko masa kan zance ta yi shiru, sai ga labari ya fito tsaf. Shi ya sa yanzu ake ajiye kujera ta biyu a ɗakin gwaji, har sunan da ake kiran hanyar ke nan.

"To Farfesa," in ji shi, yana sosa ƙeya, "a kan dandamali fa? Kujera ɗaya za a sa, ko kuwa..."

Na ce masa ina da aji. Ba ni da aji ranar Litinin, kuma shi ya tsara jadawalin.

Talata, da safe

Ban je ba.

Laraba, da hantsi

Na zauna in shirya laccar. Ba ma rubutawa, ba mu taɓa ba. Duk inda aka gayyace mu, buɗewarmu ɗaya ce. In ce, "Tsoho na farko da muka zaunar shi da matarsa, tela ne." Ita kuma ta ce, "A'a," ta faɗi sana'arsa ta gaskiya. Jama'a su kwashe da dariya, sai in ce musu, kun ga binciken namu ke nan gaba ɗaya, sauran duk bayani ne. Karon farko kuskure na yi da gaske. Daga baya ya zama wasa, yau in ce tela, gobe kafinta, jibi direba, ita dai gyaranta ɗaya.

Na ɗauki biro zan rubuta gyaran nata a gefen takarda. Babu.

Ina ganin tsohon a idona, da hularsa da ta sha wanki, da matarsa mai yawan tari. Na san ba tela ba ne, ba kafinta ba, ba direba ba. Na ji kalmar daga bakinta ya fi a ƙirga, nan daf da kunnena na hagu. Amma ban taɓa ɗauka ba. Don me zan ɗauka, mai ajiya tana nan? Lokacin ba mu fara naɗar murya ba, a maƙala kuma ba a faɗin sana'ar wanda aka gwada.

Na yi dariya ni kaɗai. Ba ta yi min daɗi a kunne ba, ɗakin ya yi mata girma.

Laraba, da yamma

Maigida ya ce kwana biyun nan ina fara magana in tsaya a tsakiya ina kallon iska.

"Ke da ba a samun ƙofar shiga zancenki," in ji shi, "yanzu har tagogi kike bari a buɗe."

Ya ga ban yi dariya ba, ya ce in shirya ya kai ni asibitin. Na ce gobe.

Alhamis, da azahar

Goben ta zo. Kaina ke ciwo.

Juma'a, da hantsi

Ban rufe fayil ɗin ba tun ranar da aka kai ta asibiti. Duk sanda na kunna kwamfuta shi ke fara fitowa. Maƙalarmu ta ƙarshe. A'a, ta baya-bayan nan.

A kan waɗanda abokin zamansu ya rasu ce. Duk shekara tsofaffinmu suna dawowa mu naɗi labaransu, kuma da tafiya ta yi nisa wasu suka fara dawowa su kaɗai. Muka lura suna cikin ba da labari sai su tsaya daidai inda mamacin ya saba karɓa, su juya wajen kujerar da ba kowa. Wannan shirun muke aunawa.

Jimlar tana nan yadda na bar ta: "Abin da wannan shiru ke nuna mana shi ne". Ɗan layin nan na kwamfuta yana ta ƙifta ido a ƙarshenta.

Na faɗe ta da ƙarfi ranar, na tsaya. Ta yi shiru. Ta saba, wani lokaci har shayi ya huce kafin kalma ta yi mata. Kullum faɗanmu ke nan, ba na iya jira, sai in cusa mata tawa, ita kuma ta ja tsaki. Ranar na ce bari in nuna mata ni ma na iya. Na naɗe hannu ina kallon bishiyar da ke bakin taga. Har yaba wa kaina nake yi, yau dai Gaggawa ta yi haƙuri.

Sai na ji biro ya faɗi ƙasa.

Ba zan rubuta sauran ba.

Asabar, bayan azahar

Na zo ɗaukar wani littafi, sashen ba kowa. Kujerarta tana da wata ƙara in ta jingina, ƙiiit, kamar ƙofar tsohon kabad. Ina tsaye ina duba kanta na ji ta.

Katako ne, zafi ke sa shi motsi. Na sani. Ni ke koya wa 'yan aji ɗaya cewa kunne yana ƙarasa abin da ya saba ji, har maki nake ba su a kai. Duk da haka tsigar jikina ta tashi, na fito da baya da baya, na bar littafin.

Litinin, bayan azahar

Yau ranar tsohuwar nas ce. Tana cikin mutanenmu na farko-farko, ita da mijinta, shi ya rasu bara waccan. Bara da ta zo ita kaɗai tana ba da labarin gidan hayarsu na farko, ta kai inda shi yake faɗin sunan mai gidan, ta tsaya cak, ta juya hagu. Ni da Jan Biro mun saurari wannan shirun a rikoda har muka haddace tsawonsa.

Na kunna rikoda na ce, "Mama, a ba mu labarin gidan hayar nan."

Ta ɗauko shi tiryan-tiryan. Rufin da ke yoyo, da akuyar maƙwabta mai cin sabulu, da ranar da gado ya karye da baƙo a kai. Ta zo wurin, na riƙe numfashi. Ta faɗi sunan mai gidan ta wuce abinta. Kujerar hagu ko kallo ba ta ishe ta ba.

Na ce, "Mama, kin tuno ke nan."

"Ina fa na tuno, 'yar nan. Yaran ne suka dame ni, wai in daina tsayawa ina kallon gefe, ina ba jikoki tsoro. Suka kira ƙanensa a waya ya faɗa min. Na yi ta maimaitawa har ya zauna." Ta gyara mayafi. "Da can in na zo wurin sai in ji kamar yana gyaran murya zai karɓa. Yanzu ba ya zuwa. Me zai zo yi, na karɓe masa aikinsa? Da na sani ban tambaya ba."

A ma'auninmu wannan sunansa samun sauƙi. Akwai gurbin da ake sa maki. Na bar shi ba komai.

Da za ta fita ta ce, "Ina ƙawar taki mai shiru-shiru?" Na ce ta ɗan fita.

Talata, da hantsi

Mai Gemu, abokin aikinmu na ƙetare wanda ya fara gwada hanyarmu a asibitocin ƙasarsu, ya turo saƙon gaishe da mai jiki. Ya haɗo da bidiyon laccar da muka yi a jami'arsu, wai in kalla in ji sanyi. Mutumin kirki ne, hankalin ne dai duk ya gangara gemu.

Na danna. Ga mu nan a kujeru biyu, ni ina ta wulwula hannu, ita ta ɗora jaka a cinya kamar mai jiran mota. Na ji kaina na ce kafinta ne. Ta ɗan karkato ta ce, "A'a."

Na tsayar.

In na sake dannawa na samu kalmar, laccata ta gyaru. Bakinta a buɗe yake a hoton, abin yana kan leɓenta. Sai tsohuwar nas ta faɗo min a rai tana gyara mayafi. Na kife wayar a kan tebur. Ajiyarta ce, ba zan bari tana kwance in shiga in ɗauke ba.

Laraba, bayan la'asar

Mijinta ya zo ofis. Injiniya ya rame, rigarsa ba guga, shi da ko sayen burodi ba ya fita sai da karin guga. Ya nufi kujerarta zai zauna, na ji bakina ya ce, "Ba nan ba." Ya tsaya a tsaye. Kunya ta kama ni, amma ban janye ba.

Shi ya faɗi sunan abin, tunda ni na kasa. Shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama, kuma ta tafi da magana. Tana ji, tana ganewa, kalma ce ba ta fita. Likitoci sun ce makonnin farkon nan su ne abin ji, abin da bai dawo da wuri ba yakan yi wuyar dawowa.

"Akwai wata likitar magana da ke zuwa kullum," ya ce. "Hanyarku take bi. Ta ajiye kujera, ta ce in zauna in ɗauko labarin da muka saba bayarwa tare, in tsaya a tsakiya. Na ɗauko na ranar da muka haɗu. Na ɗauko na haihuwar babban. Na ɗauko na ranar da mota ta mace mana a kan gada. Kallona kawai take yi." Ya murza hularsa a hannu. "Sai na gane duk labaran nan ni kaɗai nake bayarwa, ita murmushi ne nata. Likitar ta tambaye ni, to wa take ƙarasa wa magana? Farfesa, ni ta aura, amma ba ni ba ne."

Na ce masa ina da laccar da zan shirya. Wallahi haka na ce.

"Ba ta tambaye ki ba," ya ce, "don ba ta iya tambaya. Amma duk wanda ya turo ƙofa sai ta duba."

Ya fita ba sallama. Ban ga laifinsa ba.

Alhamis, da azahar

Na kai har ƙofar asibitin. Wurin ajiye mota ya cika, na dawo.

Alhamis, da yamma

Akwai wuri. Har a inuwa.

Juma'a, bayan la'asar

Na je. Maigida ya kai ni, ya zare makullin mota ya jefa a aljihu, ya buɗe jarida ya ce yana nan.

Ɗaki ne ƙarami, gadon a jikin bango, taga ɗaya. Likitar maganar sa'ar 'yata ce, tana rungume da maƙalarmu da ta sha jan layi, ta gaishe ni har da rusunawa. Ta ajiye min kujera daf da gado, fuska da fuska, yadda muka rubuta, saboda ma'aurata idon juna suke karantawa.

Ashe ban san fuskar matar nan ba. Muryarta na sani, da tsakinta, da ƙarar kujerarta. Yau na ga fuskar, rabi tana riƙe, rabi an saki. Idanun kuwa nata ne duka biyun, kuma suna kaina.

Na ce, "Tsoho na farko da muka zaunar shi da matarsa, tela ne."

Leɓenta ya motsa. Sai shirun ya sauko, shi ɗin dai na ranar, na gane shi yadda ake gane takun mutum. Ban san sanda bakina ya ɓalle ba. Na ba ta labarin shugaban sashe, da kofinta da aka kife, da Mai Gemu, da ramukan hanyar jami'a. Na ce ta yi kyau. Na ce kwanan nan za ta miƙe. Na ce kar ta wahalar da kanta a kan tsohon, ko tela ko ba tela ba duk ɗaya ne. Ina jin kaina ina zuba kamar famfon da ya lalace, na kasa rufewa.

Ta dube ni, ta dube ni, sannan a hankali ta juyar da kai ta fuskanci bango.

Likitar ta janye kujerar. Injiniya ya rako ni ƙofa ya ce an gode.

A mota maigida ya ce ya mai jikin, na ce da sauƙi.

Asabar, da safe

Ta juya ta kalli bango. Ta tuna ke nan. Ta san ina bayanta ranar, hannu a naɗe, ina kallon bishiya.

Lahadi, da yamma

Ta juya ta kalli bango.

Na ƙona tukunya biyu yau. Maigida ya karɓi ludayin ya ci gaba da girkin, da ma ya yi min tsiya da na fi jin daɗi.

Litinin, da hantsi

Shugaban sashe ya dawo, wai kwamiti ya zauna. Kujera ɗaya za a sa. Za a haska hotonta a allo, a karanto jerin ayyukanta, sannan jama'a su miƙe a yi shiru na ɗan lokaci.

Na ce, "Shiru na me? Ba ta mutu ba."

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga sakatariya ta leƙo. Ya ce ba haka yake nufi ba, ya tattara takardunsa ya yi waje.

Mai Gemu kuma ya sake rubutowa. Mujalla tana jiran maƙalar, ya ga inda muka tsaya, ga shawarwarinsa na yadda za a ƙarasa jimlar, in zaɓi wadda ta yi min. Duk suna da kyau. Ko ɗaya ba za ta wuce jan biro da rai ba. Na goge saƙon.

Saura 'yan kwanaki laccar. Makonnin da likitoci suka ce su ma suna ta zubewa, ni ina zaune ina faɗa da mutane.

Talata, bayan azahar

Na ji ƙarar kujerar yau ma. Wannan karon na ce to ya isa, na waiwaya.

Ba kowa, mana. Kujera ce, da mayafin da take rufa in sanyin fanka ya dame ta, a rataye. Na tashi na zagaya na zauna a kai, abin da ban taɓa yi ba. Ta yi ƙiiit.

Bango ne a gabana. Fari, ba kalanda, ba hoto, sai wani ɗan tsagu da ya gangaro daga sama. Na taɓa kawo mata hoton teku in manna mata, ta ce in kwashe kayana, in akwai abin kallo kalma ba ta zuwa. Shekara da shekaru nan take zuba ido in na bar mata rabin jimla.

Na daɗe a zaune kafin abin ya shige ni.

Ba juya min baya ta yi ba. Nema ta tafi. Na ba ta rabin jimla, na tsare ta da fuskar nan tawa da ba ta iya tunani a gabanta, na cika mata kunne da surutu, duk da haka ta juya wajen bango ta tafi nema. Ni kuma na ɗauki jaka na fita.

Mun zaunar da ɗaruruwan mutane a kujeru biyu. Ba mu taɓa zaunar da kanmu ba.

Ina tsoro. Gara in rubuta shi ƙarara. Na san yadda za a yi, kuma shi ne abin da na rantse ba zan ƙara yi ba, in ba ta baya in yi shiru.

Laraba, bayan la'asar

Ni na tuƙa kaina.

Na gaishe da Injiniya, na gaishe da likitar, ita ban gaishe ta ba, ba ma gaisawa in za mu fara aiki. Na ɗauki kujerar na juya ta, bayanta ya jingina da ƙarfen gado, gabanta yana kallon taga.

"Farfesa," in ji likitar a hankali, "a maƙalar kun ce fuska da fuska."

"Wannan na ma'aurata ne, 'yata. Ki taya shi ku juyar da ita wajen bango."

Suka juyar da ita. Na ce wa Injiniya ya tsaya ta wajen kanta inda zai riƙa ganin fuskarta. Na ce, "Kai ne idona. In ka ga wani abu, ka yi ihu, kar ka jira ni." Ya gyaɗa kai. Ina jin ya gane abin da ban faɗa ba.

Na zauna. A tagar ba bishiya, sai tankin ruwa da wata tsumma da iska ta maƙale a waya. Na gyara murya kamar muna kan dandamali.

"Tsoho na farko da muka zaunar shi da matarsa, tela ne."

Na rufe bakina.

Shirun ya zo. Ya cika ɗakin, ya hau min kafaɗa. Kalmomi suka taru a maƙogwarona suna turereniya, na danne su da haƙori. Ina jin numfashinta a bayana, yana shiga, yana tsayawa, yana fita. Duk tsayawar da ya yi sai gabana ya faɗi. Wuyana har ciwo yake don son waiwaye. A waje aka tura keken marasa lafiya ya wuce. Wani ya yi dariya a nesa. Sai wani abu ya faɗi a baranda, cokali ne ko makulli, ya yi ƙara a siminti, na ji ni a ofis, na ji biro. Na damƙe gefen kujera da hannu biyu. Injiniya bai yi ihu ba. Na zauna.

Ban san tsawonsa ba. Ni da auna shiru ne sana'ata, wannan ban auna ba.

Gadon ya yi 'yar ƙara.

"A'a."

Muryar ta yi nauyi, kamar an jawo ta daga ƙasan rijiya, amma tata ce, har da ɗan rainin nan da take sa wa kalmar. Na ji Injiniya ya ja numfashi. Na ɗaga masa hannu ba tare da na juya ba, kar ya yi magana, ba ta gama ba.

Wani shirun kuma. Wannan bai ba ni tsoro kamar na farko ba, akwai mutum a cikinsa.

"Fa," ta ce. Ta tsaya. "Fa... ci. Mai. Faci."

Injiniya ya fita da sauri, ina jin sa a baranda yana fyace hanci.

Likitar ta matso da biro a hannu. Ta ce masu irin wannan ciwo wani lokaci kalma takan fito amma ba ita ake nema ba, don haka sai an tabbatar kafin a sa maki. "Mai facin taya ne? Daidai ne, Farfesa?"

Na lalubi kaina. Na kawo tsohon a idona, da hularsa, da matarsa mai tari, na duba hannayensa ko zan ga baƙin roba. Ban ga komai ba. Kalmar ba ta buga min ƙararrawa ko ɗaya ba. Wayata tana cikin jaka a kan cinyata, bidiyon yana tsaye inda na tsayar da shi, dannawa ɗaya ce.

Na ce, "Ni ban taɓa sani ba, 'yata. Ita ke riƙe da shi. Rubuta."

Daga bayana aka ja wani guntun tsaki, rabinsa iska.

Sai a lokacin na bar hawayen suka zubo, ina kallon tankin ruwa.

Alhamis, da safe

Na aika wa shugaban sashe: kujeru biyu, ba hoto, ba tsayuwa.

Na sa kwamfutar a jaka. Jimlar tana nan a buɗe, rabinta. Zan kai wa mai ita.